Yadda zaka kama darasin sukari da enzayim ba tare da kwanan hadda ba

Wannan na ƙannenmu ne na zango masu fama da darasin sukari, ko kana SHS kana shirin WASSCE, ko kina makarantar nas, ko ku 'yan shekarar farko a KNUST da lekcara ya zana muku gilaikolisis, wato matakan da jiki ke bi ya fasa sukarin gulukos ya samu ƙarfi, tun daga saman allo har ƙasa sannan ya juyo yace akwai tambaya? kowa yayi tsit. Abinda aka saba shine a kwafe zanen a manna a bangon ɗaki a dinga maimaitawa har asuba, ana fitowa daga jarabawa komai ya zube. Ni shawarata ka ajiye zanen nan tukuna. Ɗauki abinci ɗaya da kake sha kullum ka bi shi tun daga baki har cikin ƙwayar halitta, kuma duk inda ka tsaya kayi wa kanka tambaya uku: kabon nawa ne a hannu yanzu, wane enzayim (furotin mai hanzarta aiki a jiki) ne ya yanke ko ya ɗaura, sannan an kashe ATP (kuɗin ƙarfi da ƙwayar halitta ke kashewa) ne ko an samu. Mu nan Kumasi koko zamu bi, wanda aka sa wa sukari da madara, sabida kofi ɗaya ya tara kusan duk silabus ɗin, geron sitaci ne, sukarin da Hajiya ta zuba sukuros ne, madarar laktos, dusar da aka tace aka zubar kuma selulos ya cika ta.

Fara da gani da ido

Kafin ka buɗe littafi je kemis ka sayi ƙaramar kwalbar aidin, irin wanda ake shafa wa ciwo. A gida ka ɗebi ruwan dafaffiyar shinkafa, ka surka shi da ruwa sosai har ya zama tsararo, in yayi kauri gwajin zai ja lokaci. Raba shi kofi uku. Na farko ka bar shi haka nan. Na biyu ka tofa miyau mai ɗan yawa ka juya, eh na sani, kayi inda Mma bata gani. Na uku ma miyau ne amma ka fara tafasa shi a cokali a kan wuta tukuna. Jera su cikin roba mai ruwan ɗumi, ɗumin jiki ba zafi ba, wajen digiri 37, ka basu kamar minti ashirin. Sai ka ɗebi kaɗan daga kowanne a farin faranti, ka bari ya huce, ka ɗiga aidin.

Na farko zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. Na uku ma haka. Na biyu kuwa kalar bata kamawa, ko ta kama sama-sama, aidin ɗin ya tsaya a ruwan ƙasa-ƙasa ɗinsa. Toh kaga enzayim da idonka kenan, amiles ne na cikin miyau ya daddatse dogon sitacin ya zama guntaye, shi kuma aidin sai sarƙar tana da tsawo ta nannaɗe yake shiga tsakiyarta ya bada shuɗin nan. Wanda ka tafasa kuma furotin ne, zafi ya lalata masa siffa, ya tashi aiki. In kana so ka ga abinda tsami ke yi ƙara kofi na huɗu da binega, amma dan Allah banda lemun tsami, bitamin C ɗinsa yana cinye kalar aidin sai ka ɗauka enzayim ne yayi aiki alhali ba shi bane. Wannan tsamin ne yasa ban ce kayi gwajin da kokon kansa ba, amiles na miyau baya son tsami, shi yasa ma da abinci ya jima a ciki ya haɗu da asid aikinsa ya ƙare.

Zana gulukos har hannunka ya saba

Siffa ɗaya tak zaka haddace, sauran duk daga ita zaka ciro. Gulukos kabon 6 ne, haidirojin 12, oksijin 6. A cikin ruwa kusan dukansa a naɗe yake zobe mai kusurwa shida, kabon biyar da oksijin ɗaya a zoben, kabon na shida yana waje a sama. Sa lamba a kowane kabon kullum, kar ka taɓa zanawa ba lamba, rabin makin da yara ke rasawa anan yake tafiya. Yanzu OH ɗin: a kabon na 2 ƙasa, na 3 sama, na 4 ƙasa. Na 1 shine mai rigima, in OH ɗinsa na ƙasa alfa kenan, in na sama bita, kuma a cikin ruwa suna juyawa tsakaninsu, bita ya fi yawa, wajen kashi 64 cikin ɗari, alfa wajen 36.

Da wannan ya zauna, juya OH na kabon 4 ya kalli sama, ka samu galaktos. Mayar dashi ka juya na kabon 2, manos. Furuktos ma fomularsa ɗaya da gulukos sak, bambancin kawai kabon mai riƙe oksijin da igiya biyu a na 2 yake ba na 1 ba, shi yasa ake ce masa kitos gulukos kuma aldos, kuma a cikin sukarin shayi zobensa kusurwa biyar ne. Wani Bajamushe Emil Fischer shi ya warware waɗannan siffofin tun babu na'urorin yanzu, ya ci Nobel a 1902, layin tsayen nan da ake zana sukari dashi a littafinka sunansa yake ɗauke dashi.

Sai haɗawa. Gulukos biyu da igiyar alfa daga kabon 1 zuwa 4, maltos. Galaktos da gulukos da igiyar bita 1 zuwa 4, laktos. Gulukos da furuktos, sukuros, amma nan ka tsaya ka duba da kyau: kabon 1 na gulukos aka ɗaure da kabon 2 na furuktos, wato duka bakunan biyu da zobe ke iya buɗewa ta nan an rufe su. Shi yasa a furaktikal in ka dafa sukarin shayi da ruwan Benedict, ruwan gwajin nan mai kama sukarin da zobensa ke iya buɗewa, yana nan shuɗinsa, gulukos ko maltos ko laktos kuwa su koma ja kalar bulo, sai ka fara dafa sukuros ɗin da ɗan asid ka raba shi, ka kashe asid ɗin, sannan zai bada ja. Masu jarabawa suna son wannan tambayar ƙwarai.

Dogayen sarƙoƙin ma labarin igiya ne kawai. Sitaci alfa 1 zuwa 4 ne, wani miƙe ba reshe shine amilos, wani da rassa na alfa 1 zuwa 6 shine amilofektin. Gilaikojin da hantarka ke ajiyewa irin amilofektin ne sai dai rassansa sun fi yawa, kusan duk bayan gulukos 8 zuwa 12 akwai reshe, sabida a samu bakuna da yawa da za'a dinga ɓallowa lokaci ɗaya in buƙata ta taso da gaggawa. Selulos shima gulukos ne zalla ba komai a ciki, amma igiyarsa bita 1 zuwa 4 ce, kuma jikin ɗan Adam bashi da enzayim ɗin da zai yanke ta. Ragon layya dake cin ciyawa da ɓawon rogo a bayan gida a Asawase ma ba shi ke yankewa da kansa ba, ƙwayoyin halittu ne a tumbinsa suke masa aikin. Wallahi duk sanda na tuna cewa juyin OH ɗaya ne ya raba tuwo da katako sai in ce Allah mai iko.

Daga hanji zuwa jini

Nan da sauri zamu wuce. Fankiriyas yana zubo nasa amiles ɗin a ƙaramin hanji ya ƙarasa sitaci zuwa maltos da guntaye, a bangon hanjin kuma maltes da sukures da laktes suna jira, kowa da nasa, duba yadda sunan ke tafiya, maltos abinci maltes mai yanka. Sai sukari ya zama guda-guda yake shiga jini. Da yawanmu laktes ɗinmu yana raguwa bayan yarinta, shi yasa wani in ya sha madara da yawa cikinsa ya ɗau kuka da kumburi, laktos ɗin ya wuce babban hanji bakteriya sun same shi, amma mutumin nan ɗaya zai sha fura da nono mai tsami ko ya ci wagashi lafiya lau dan laktos ɗinsu ya ragu.

Abu ɗaya da ya kamata 'yan nas su riƙe, gulukos baya shiga bangon hanji shi kaɗai, ƙofar da ake ce wa SGLT1 tare da sodiyam take shigar dashi, ruwa kuma ya biyo su. Dalilin ORS, ruwan da ake ba mai zawo, kenan gaba ɗaya, gishiri da sukari tare, kuma dalilin da yasa ba'a cika sukarin da ka, in yayi yawa ruwa zai jawo cikin hanji zawon ya ƙaru.

Yi wannan lissafin da kanka sau ɗaya. Mitar gwajin sukarin jini a nan Gana da milimol a kowace lita take nunawa, mai lafiya da safe kafin karyawa wajen 4 zuwa 5.5, in ya kai 7.0 aka maimaita aka sake samu ana maganar ciwon sukari, in kuma ɗan'uwanka na Amurka ya faɗo maka lamba kamar 126 raba da 18 kawai. Toh ɗauki 5, jinin babba kamar lita 5 ne, nauyin mol ɗaya na gulukos giram 180, buga ka gani, giram 4.5 ne kacal a duk jinin jikinka, ƙaramin cokali ɗaya kenan. Ka tuna cokali nawa aka zuba a kokon, banda geron. In ba dan insulin na fitowa ya sa tsoka da kitse su fito da ƙofar GLUT4 su kwashe, hanta kuma ta ɗaure saura ta mayar gilaikojin ba, da kofi ɗaya ya isa ya kai mutum asibiti. Hanta na riƙe kamar giram 100 na gilaikojin, tsoka kamar 400.

Gilaikolisis da lissafin 'yan kasuwa

Mataki goma ne, a cikin ruwan ƙwayar halitta ake yi ba cikin mitokondiriya (injin ƙarfi na ƙwayar halitta) ba, kuma ba'a buƙatar oksijin. Ka ɗauke shi yadda 'yar kasuwa a Kejetia ke ɗaukar sana'arta, sai an zuba jari ake ganin riba, ATP 2 ake zubawa a rabin farko, 4 su dawo a rabi na biyu, riba 2. Duk wanda ya rubuta 4 a jarabawa ya manta uwar kuɗi.

Rabin farko, heksokaines ya ɗauki fosfet daga ATP ya manna a kabon 6, yanzu gulukos ya ɗau caji ba zai iya fita ta ƙofar da ya shigo ba, an kama shi. Sai a juya shi ya zama furuktos, kuma ka tambayi kanka dan me, amsar itace ana so a raba shi biyu daidai, uku da uku, siffar furuktos ce ke bada wannan. Sai fosfofuruktokaines, PFK dai, ya kashe ATP na biyu ya manna fosfet a kabon 1, yanzu kai da gindi duk akwai fosfet. Aldoles ya datse shi tsakiya, gutsure biyu masu kabon uku, ɗayan a gyara shi ya koma irin ɗan'uwansa. Mataki biyar kenan ka gama, baka samu ko pesewa ba.

Daga nan komai sau biyu ne, rubuta ×2 babba a gefen takarda dan anan ake ɓata. Mataki na shida a cire haidirojin a ba NAD, ɗan dakon haidirojin, ya zama NADH, a shigo da fosfet na banza wanda ba daga ATP ya fito ba, wannan fosfet ɗin na kyauta shine asalin inda ribar take. Na bakwai a miƙa fosfet ɗaya ga ADP, wato ATP ɗin da ya rasa fosfet ɗaya, ATP ya fito, sau biyu, jari ya dawo. Na takwas a matsar da fosfet daga kabon 3 zuwa 2, na tara enoles ya cire ruwa, na goma fairubet kaines ya miƙa fosfet na ƙarshe, ATP 2 kuma. Abinda ke hannu: fairubet 2 kowanne kabon uku, ATP 2, NADH 2. Ƙirga kabon, shida muka fara shida muke dasu, ba wanda ya fita tukuna.

Cikin goman nan uku ne basa komawa baya, na 1 da na 3 da na 10, su zaka zagaye da jan biro, dan duk tambayar yadda jiki ke sarrafa hanyar a kansu take. Babbansu PFK, in ATP ya yi yawa ko sitiret ya taru sai ya rage gudu, in AMP ya taru alamar ƙarfi ya ƙare sai ya ƙara. Sauran sunayen kar ka haddace su a makance, karanta su, kaines mai harkar fosfet da ATP ne, aisomeres mai sauya siffa, mutes mai matsar da abu daga wani kabon zuwa wani, dihaidirojines mai cire haidirojin kuma duk inda ka gan shi nemi NADH ko ɗan'uwansa kusa. Shi kuma enoles in kin fara zuwa wod zaki haɗu dashi, kwalbar jinin nan mai murfi ruwan toka da ake ɗibar gwajin sukari fulorayid ne a ciki, shi ke tsayar da enoles dan kar ƙwayoyin jini su cigaba da cin gulukos a hanyar zuwa lab a samu lamba ta ƙarya.

Mararrabar fairubet

In akwai oksijin fairubet ya shiga mitokondiriya, a ɓalle kabon ɗaya ya fita a CO2, saura biyu su zama asetil-CoA, a samu NADH ɗaya a kan kowane fairubet, kuma wannan matakin sai da bitamin B1. Sai zagayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, kowane zagaye CO2 biyu, NADH 3, FADH2 (ɗan'uwan NADH) ɗaya, GTP (daidai yake da ATP) ɗaya, gulukos ɗaya kuma zagaye biyu ne. Ƙirga kabon kuma, 2 da 4, shida cif sun fita ta hancinka. Lissafin ƙarshe na ATP ɗin da gulukos ɗaya ke bayarwa ma kar ka haddace, haɗa shi: NADH 10 sau 2.5 ya bada 25, FADH2 2 sau 1.5 ya bada 3, ga 4 na kai tsaye (ATP 2 na gilaikolisis da GTP 2 na Krebs), 32, ko 30 gwargwadon hanyar da NADH na gilaikolisis ya bi ya shiga mitokondiriya. Tsofaffin littattafai 36 ko 38 suke cewa, in shi malaminka yake so ba shi abinsa ka ci makinka, amma ka san na yanzu.

In oksijin bai isa ba, kamar kana tsaka da gudun ƙwallo, NAD zai ƙare mataki na shida ya tsaya, toh sai a zuba haidirojin ɗin a kan fairubet ya zama laktet. Manufar ba laktet bace, NAD ake so a kuɓutar, da yawa basa gane wannan. Laktet ya bi jini zuwa hanta a mayar dashi gulukos, zagayen Cori kenan, Carl da matarsa Gerty Cori, Nobel 1947. Jajayen ƙwayoyin jini basu da mitokondiriya ko ɗaya, haka suke rayuwa kullum. Tsamin kokon kansa ma wannan hanyar ce, bakteriya ne suka yi ta a cikin gasarar da aka bari ta kwana, yis ɗin da ke tada ƙullin burodi da finkaso kuwa CO2 da etanol yake fitarwa, manufa ɗaya dai.

Yi bita da azumi

In kana so ka san ko ka gane, ɗauki farar takarda ka rubuta ranar azumi ɗaya ba tare da duba littafi ba. Bayan sahur insulin sama, ana ajiya. Zuwa azahar insulin ya sauka gulukagon ya hau, hanta na ɓalle gilaikojin tana sakin gulukos, sabida ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kamar giram 120 a rana. Tambaya: me ya hana giram 400 na tsoka ya taimaka? Tsoka bata da gulukos-6-fosfates, enzayim ɗin da ke cire fosfet ɗin nan na mataki na farko, dan haka nata nata ne, baya fita jini. Zuwa la'asar sakaliya ajiyar hanta tayi ƙasa, sai ta ƙara himma wajen ƙera sabon gulukos daga laktet da gilisarol da amino asid, tana bin gilaikolisis da baya, amma wuraren nan uku na jan biro dole ta zagaye su da wasu enzayim daban. Kitse kuma ana ƙona shi a samu ƙarfi amma fati asid baya komawa gulukos, dan matakin fairubet zuwa asetil-CoA hanya ɗaya ce. Dabino a buɗa baki gulukos da furuktos ne akasari, basa jiran amiles, shi yasa minti kaɗan idonka ya washe. Wannan duk labarin mai lafiya ne fa, Baba ko Mma dake kan insulin ko ƙwayar sukari sai sun ga likita kafin watan ya kama.

In takardar ta cika ba ka leƙa ba, ƙara reshe ɗaya daga gulukos-6-fosfet, hanyar fentos fosfet, wadda ba ATP take nema ba, NADPH take samarwa mai kare jan jini daga lalacewa. Enzayim ɗinta na farko shine G6PD ɗin nan da kuke gani a katin awon ciki, ƙarancinsa ya yawaita a yankinmu na Afirka ta Yamma kuma ya fi bayyana a maza dan a kan kuromosom X yake. Mai wannan ƙarancin wasu magunguna irin su firimakwin suna fasa masa jini, haka ma ƙwallon kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri, sai a ga yaro ya zama rawaya kwana kaɗan da haihuwa. Dan haka in an yi haihuwa a gidanku kafin ranar suna ka buɗe akwatin nan ka duba, in akwai kafur ka cire a wanke kayan a shanya.